Laifin da Mama Rifkatu Ta Ɗauke Mini

Ranar Talata da hantsi labarin ya iske ni, ina zaune a teburin da ya daɗe yana nata kafin ya zama nawa. Na fara shigar da kalmar sirri ke nan domin in buɗe wasiƙun safiya, sai wayata ta yi ƙara. Saratu ce, babbar 'yar Mama Rifkatu. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Yaya Ishaya, Mama ta tafi. Ɗazu da safe, a asibiti." Na ce Allah ya ba mu haƙuri, na ce ina zuwa. Da na ajiye wayar na dubi allon kwamfuta, sai na tarar na manta inda na tsaya a cikin kalmar da nake shigarwa kullum. Na rufe kwamfutar na kama hanyar gidanta a Sintali.

Iyalinta ne suka nemi in rubuta wani abu a kanta, domin a cewarsu ni ne ɗanta na ofis. Na karɓa, amma na gaya wa Saratu tun farko cewa akwai abin da zan faɗa wanda ba a saba sa shi a irin wannan rubutu ba. Zan zo kansa. Kafin nan ya kamata wanda bai san Mama Rifkatu ba ya san ko wace ce.

Ta koyi aikin sakatariya a Yola tun zamanin tafireta da kabon, ta dawo Jalingo lokacin da aka ba mu jiha, ta yi shekarunta a ɗakin ajiye fayilolin sirri. Bayan ta bar aikin gwamnati ne ƙaramar ƙungiyarmu ta ɗauke ta. Aikinmu shiga tsakani ne a rikicin gonaki. Muna da wakilai a ƙauyuka, musamman ta wajen Lau, waɗanda ke sauraron mutane su aiko mana da rahoto ta imel. A cikin rahoton akwai sunan wanda ya yi magana, da abin da ya gani, da wanda yake tsoro. Mutane suna magana da mu ne kawai domin an yi musu alkawari sunansu ba zai fita ba. Mama ce mai tsaron wannan alkawari.

Idan ta zo teburinka ta ga takarda a buɗe, ba ta karantawa, kifa ta take yi sannan ta fara magana. Ba ta jefa takarda a kwandon shara. Tara su take yi, ranar Juma'a ta ƙone su a bayan ofis, tana tsaye da sanda tana juya tokar har sai ta tabbata babu harafin da ya tsira. Takan ce, "Takardar mutum tsiraicinsa ce." Takan kuma ce, "Abin da aka ba ka a rufe, ka mayar da shi a rufe." Ba mace ce mai ɗaure fuska ba. Kowace safiya tana zuwa da fulas na kunun gyaɗa, kuma duk wanda ya ce ya karya a gida sai ta zuba masa biyu, wai hukuncin ƙarya ke nan. Idan aka yi mata alheri, "useko" take cewa, da Fulatancin da ta ɗauko a Yola, ko da wanda ya yi alherin bai ji.

Lokacin da aka kawo mana tsarin kulle wasiƙu, mutane sun zaci zai gagare ta. Tsarin kuwa shi ne wakili ya kulle rahotonsa kafin ya aiko, ta yadda duk wanda ya tare shi a hanya, ko ya same shi a cikin kwamfuta, ba zai ga komai ba sai tarin haruffa marasa ma'ana. Mutum biyu kaɗai ke da makullin buɗewa, ita da ni, kowa da nasa, kuma makullin ba ya aiki sai an shigar da doguwar kalmar sirri. Da ka gama karantawa ka rufe, wasiƙar ta koma a kulle. Ni ne na yi karatun kwamfuta a jami'a, ni na koya mata. Cikin mako guda ta iya. Ta ce, "Ashe ambulan ne da kakin hatimi. To mene ne sabo a nan, Injiniya?" Injiniya take ce mini, rabi girmamawa rabi tsokana.

Ni ne tsarin ya gundura. Kalmar sirrin doguwa ce, kuma sau da yawa a yini sai an sake shigar da ita. Abin da ya fi damuna shi ne ba a iya bincike a cikin kullalliyar wasiƙa. Idan ana neman rahoton da aka ambaci wani ƙauye, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Mama tana da littafi mai baƙin bango inda take rubuta lambar kowane rahoto da ranar zuwansa, ba suna ko ɗaya, tana kuma samun abin da take nema kafin ni. Wannan ma yana cikin abin da ya ci mini rai, ko da yake a lokacin ban yarda ba.

A cikin manhajar wasiƙu akwai abin da muke kira filta, wato ƙa'idar da mutum ke kafa wa kwamfuta ya ce duk wasiƙar da ta zo daga wane, a yi mata kaza. Yawanci ana amfani da ita ne wajen rarraba wasiƙu. Wata rana na gano cewa ana iya umartar filta ta buɗe kullalliyar wasiƙa buɗewa ta dindindin, ta cire mata kullin gaba ɗaya ta ajiye ta a matsayin rubutu na fili. Na kafa ƙa'idar: duk rahoton da ya zo daga wakilanmu, a buɗe shi, a zuba shi a wata folda. Na kuma bi da ita ta kan tsofaffin rahotannin da ke hannuna. Manhajar ta gargaɗe ni cewa abin da zan yi ba ya komawa. Na karanta gargaɗin, na fahimce shi, na danna amincewa. Daga ranar, sau ɗaya nake shigar da kalmar sirri da safe, rahotanni su zube a buɗe, in nemo kowane suna cikin ƙiftawar ido.

Ba a yi kwana uku ba ta lura. Teburinmu suna fuskantar juna.

Ta ce, "Injiniya, kwana biyu ban ji kana danna dogon abin nan ba."

Na ce, "Na sauƙaƙa aikin ne, Mama." Na juyo mata da kwamfutar na nuna mata, kuma ina tuna cewa da alfahari na nuna.

Ta gyara tabarau ta duba. Ta ce, "To bayan ka karanta, wa ke rufewa?"

"Ba a rufewa, Mama. Amfanin abin ke nan."

"Ka ce dai ka ɗauki maigadi, aikinsa ya buɗe ƙofa ya tafi gida."

Na yi dariya. Na ce kwamfutar tawa ce, ba mai taɓa ta, kuma ita kanta tana da kalmar shiga.

Ta ce, "Kwamfuta ba ta ciwo? Ranar da ta kwanta, kai ne likitanta?" Sannan ta sassauta murya. "Ɗana, mutanen nan ba kai suka ba sunansu ba, alkawari suka ba. Ka cire shi."

Na ce zan cire. Ban cire ba. Na dai koyi danna wasu maɓallai kafin in buɗe foldar, domin ta ji ƙarar ta zaci kalmar sirri nake shigarwa. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba sai bayan rasuwarta.

Da damina ta yi nisa, jakata ta faɗo daga keke-napep, allon kwamfutar ya tsage. Na kai ta wani shagon gyara a kasuwa. Mai gyaran ya ce in bar masa kalmar shiga domin ya gwada sabon allon, na rubuta masa. Ba zan ce na manta da foldar ba. Na tuna da ita kafin in kai bakin titi. Na tsaya, na yi tunanin komawa, sai na ga kamar zan nuna wa mutumin ban yarda da shi ba, ga hadari ya haɗo, ga kwana biyu ne kawai. Na tafi gida. Kwamfutar ta kwana huɗu a shagon. Ba ni da shaidar wanda ya karanta, shago ne da jama'a ke shiga suna fita, kuma ba na ɗora wa kowa. Abin da na sani shi ne, da na bar wasiƙun yadda aka aiko su, ko shekara ta yi a can ba wanda zai karanta kalma ɗaya.

A cikin rahotannin akwai na wani manomin shinkafa daga wajen Lau. Ba zan ambaci sunansa ba, na riga na fitar da shi sau ɗaya ba da izininsa ba. Ya shaida wa wakilinmu cewa ya ga mutanen wani mai ƙarfi suna tumɓuke duwatsun iyaka suna matsar da su cikin gonakin talakawa. Bayan mako biyu da gyaran kwamfutata, mutanen suka same shi a gona suka maimaita masa maganarsa kalma bayan kalma, har da giginyar da ya ce ya laɓe a bayanta. Aka toshe masa hanyar ruwa. Aka sa wa rumbunsa wuta. Dattawan garin suka ba shi shawara ya yi nisa. Ya kwaso iyalinsa ya dawo unguwar Barade a nan Jalingo, ya kama ɗaki ɗaya, ya koma sayar da rake a bakin hanya. Ƙauyuka uku suka daina magana da wakilanmu.

Kwamitin amintattu ya zauna, aka kira mu mu biyu. Ciyaman, dattijo mai son a gama magana da wuri, ya ce, "Makulli biyu ne. Ɗaya yana hannun wanda ya yi digiri a kan abin, ɗaya yana hannun Madam. Ba na zargin kowa, amma ina son in ji ta ina ya fita."

Na san amsar. Na shirya jimlar a bakina, na ma zaɓi kalmar da zan fara da ita. Matata tana da ciki wata bakwai a lokacin, kuma na san a garin nan wanda aka kora saboda fitar da sirri ba ya sake samun tebur. Ba hujja nake kawowa ba, ina faɗin abin da nake aunawa ne a daidai lokacin da ya kamata in yi magana. Ina cikin aunawa ta riga ni.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ce mai kula da wasiƙu a ofishin nan. Idan abu ya fita, a ƙarƙashina ya fita. Kada a nemi wani."

Ciyaman ya ce, "Madam, ko dai kin danna wani abu ba ki sani ba?"

Ta ce, "Na faɗi abin da zan faɗa."

Na sha juya wannan amsa a raina. Ba ta yi ƙarya ba, ko kalma ɗaya. Ta dai tsaya a inda dutsen zai faɗo. Aka yanke cewa shekaru sun ja, na'urorin zamani sun fi ƙarfinta, ta huta a ƙarshen wata. Aka ce ni in karɓi teburinta. Ciyaman ya dafa kafaɗata ya ce yanzu sirrin ƙungiya ya shiga hannun masana. Na ce na gode.

Ranar da za ta miƙa aiki, ta ba ni littafinta mai baƙin bango da makullan kabad. Sannan ta zagayo ta tsaya a bayana ta ce, "Buɗe wurin filtar nan." Na buɗe. Ƙa'idar tana nan, ko bayan duk abin da ya faru ban taɓa ta ba, domin ina tsoron share ta ya zama shaida a kaina. Ta ce, "Share." Na share. "Foldar ma." Na share. Ta ce, "Rahotannin da ke wurina suna nan a kulle, ba abin da ya ɓata." Na fara cewa, "Mama, ni ne..." Ta ɗaga hannu. Ta ce, "Ni na gama cin nawa, kai yanzu ka fara. Ka riƙe aikin da kyau, shi ke nan." Ta ɗauki fulas ɗinta ta fita.

Na ɗauki wannan a matsayin izinin yin shiru, domin haka ya fi mini daɗi. Shekara huɗu ina zuwa gidanta duk Kirsimeti da kaza da lemo. Ta riƙe 'yata a cinya ranar suna. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko da ido. A ofis kuwa abin ya zama abin raha. Idan wani ya yi kuskure a kwamfuta sai a ce ya yi irin ta Mama. Ban taɓa faɗin haka ba, amma ban taɓa hanawa ba, kuma akwai ranar da na yi murmushi.

A zaman makoki, a ƙarƙashin rumfar da aka kafa a ƙofar gidanta, Ciyaman ya tashi ya yabe ta yabo mai kyau. A ƙarshe ya ce, "Mace ce mai amana, sai dai kwamfuta ta zo ta yi mata wayo a ƙarshen aiki, kamar yadda take yi mana duka mu tsofaffi." Aka yi 'yar dariya irin ta makoki. Na ga Saratu ta sunkuyar da kai. Ina zaune a layi na biyu, kuma a karo na biyu na yi shiru.

Da jama'a suka ragu, wani mutum ya matso da ɗaurin rake a kafaɗa ya ajiye a gaban Saratu. Na gane shi, manomin Lau ne, ko da yake shi bai san ni ba. Na sha wucewa ta gabansa a Barade ina kawar da kai. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce, "Baiwar Allahn nan, wata guda da zuwana garin nan ta neme ni har ɗaki. Ta ce daga ofishinsu maganata ta fita, in yafe. Tsohuwa, ta sa gwiwa a ƙasa. Na ce ba zan iya ba. Ba ta yi fushi ba, ta dawo. Ita ta kai matata asibiti da za ta haihu. Ita ta yi ta zirga-zirga har aka ɗauki 'yata a makaranta. Sai da na ji kunya na ce na yafe. Ku gaya wa 'yan'uwa, ni ba na bin ta da komai."

Ban san ta yi wannan ba. Shekara huɗu tana zuwa Barade neman gafarar laifina, ni kuma ina kai mata kaza.

Washegari na gaya wa Saratu komai, a tsakar gida, a gaban ƙannenta biyu. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Mun san ba ita ba ce. Mama da ke ƙona takarda ta juya toka? Amma ba ta taɓa gaya mana ko wane ne ba. Ni har na zargi direban ofishinku." Na tambaye ta ko in rubuta. Ta ce, "Mama ba za ta so ba. Amma ni ina so. Yarana suna jin ana cewa kakarsu ta ɓata aiki."

Daga nan na wuce Barade. Na sami manomin yana fere rake. Na gaya masa sunana da aikina, na ce matar da ta durƙusa masa ba ta yi masa komai ba, ni ne. Na yi masa bayanin filtar gwargwadon yadda zan iya. Ya saurara bai daina ferewa ba.

Ya ce, "Wato an ce ka rufe, ka ƙi."

Na ce haka ne.

"Don me?"

Na ce don ina gajiya da shigar da kalmar sirri.

Ya ajiye wuƙar ya dube ni. Ya ce, "Kalma nawa ce?"

Na ce shida.

Ya jinjina kai, ya ɗauki wuƙarsa. Ya ce, "Yafewar da na yi mata tata ce, ba zan karɓo in ba ka ba. Taka kuwa, ita sau nawa ta zo kafin ta samu? Ka je ka dawo."

Zan koma. Na kuma rubuta wa kwamiti abin da na rubuta a nan, na ce su yi da teburin yadda suka ga ya dace. Ban san abin da za su yanke ba, kuma ba shi ne abin da ya kawo ni ba. Abin da nake roƙon duk wanda ya karanta wannan shi ne ya gyara abin da ya ji. Mama Rifkatu ba ta danna komai bisa kuskure ba. Kwamfuta ba ta yi mata wayo ba. Ta fahimci tsarin fiye da wanda ya koya mata shi, ta yi gargaɗi a kan lokaci, kuma duk wasiƙar da aka ba ta amana tana nan a kulle har ranar da ta bar duniya. Wanda ya buɗe ni ne.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan baiwarka Rifkatu. Ka gafarta mata kurakuranta, ka rufa mata asiri kamar yadda ta rufa wa wanda bai cancanta ba. Ka ba ta hutawa a wurinka. Ka ƙarfafa Saratu da ƙannenta, ka ta'azantar da jikokinta, ka sa su girma suna jin sunanta yadda yake. Ka dubi mutumin Lau da iyalinsa, ka mayar masa da abin da ya rasa ta dalilina. Ni kuma ka ba ni ƙafar komawa Barade, sau nawa ne ya ɗauka. Amin.